Mai Kiɗan Bayan Bango

A Ƙarfi in ka ce kana neman Maiwada, sai an tambaye ka wanne, don akwai mai awon masara, akwai kuma mai facin taya a bakin titi. Amma in ka ce Maiwada na Hajjo, nan take za a nuna maka gidan. Ba ɗanta ba ne, ba ƙanenta ba. Makaɗinta ne. Ya fi shekara goma yana sa matan ƙasar nan rawa, daga Dayi har Mahuta, kuma bai taɓa ganin rawar da idonsa ba.

Hajjo zabiyar amada ce a Malumfashi, mace mai murya irin ta raba faɗa. Ita da 'yan amshinta suke zuwa wunin biki da na suna, su kife ƙore a kan ruwa cikin baho, suna kaɗawa tana waƙa. Da zamani ya juya, 'yan mata suka ce su kiɗan fiyano suke so, masu biki suka koma ɗauko samari masu manyan sifiku da waƙoƙin cikin waya. Wasu zabiyoyin suka haƙura suka koma suyar ƙuli-ƙuli. Hajjo ba ta cikin masu haƙura. Ta ce in dai fiyano ne, a nemo mata mai fiyano. Aka kawo mata Maiwada, wani siririn saurayi mai kunya, wanda ya koyi danna fiyano a wani ɗan situdiyo a Funtua. Da rani yana haɗa wa masu maganin basir kiɗan talla, da damina ya koma gonar ubansa.

Sai dai gidajen da ke kiran Hajjo suna kiranta ne don ba sa son namiji a tsakar gida ranar wuni. Mata su ajiye mayafi, su ɗaura ɗankwali a ƙugu, su sake babu idon kowa. To ina za a sa mai fiyano? Hajjo ce ta yanke magana, ta ce a zaure. Shi da fiyanonsa a kan benci, janareta a waje kusa da ƙofa, sifika a can ciki, doguwar waya ta bi gindin bango ta shige ta ƙarƙashin labule. Haka aka fara, haka kuma aka ɗore.

Wanda bai san aikin ba zai ce ai da sauƙi, tunda muryar Hajjo na fitowa ta sifika. Muryar ita ce mafi sauƙin abin. Aikin yana ga abin da ke tsallako bango. In ya ji ƙafafu sun yi nauyi, tafi ya ja baya, ya san gwaggonni sun shigo fili, sai ya sassauta ya ba su kiɗan da gwiwa za ta ɗauka. In guɗa ta hau kan guɗa, amarya ce ta fito. In hayaniya ta koma ƙarar faranti da cokali, an kawo abinci ke nan, wanda ya ci gaba da kiɗa a lokacin kansa yake yi wa. Ga Hajjo da wani taurin kai nata: ba ta yi wa makaɗi magana ta makirfo. A wurinta, zabiyar da ke cewa “tsaya” ko “ƙara” a gaban jama'a ta tona wa kanta asiri cewa ba ta da makaɗi. Ita dai ta yi waƙa, ta yi shiru in ta ga dama, shi kuma ya gane.

Kuma yana ganewa. Wannan shi ne abin alfaharinsa a duniya, ya fi masa gonar waken suya, ya fi masa babur. Mutum ne mara yawan magana, in ana hira a majalisa ka ɗauka barci yake, amma ka zaunar da shi a zaure da fiyano a gabansa, kai a karkace yana sauraron bango, sai ka ga wani mutum daban.

Da ya yi aure sai aikin ya samu ido. Matarsa Raudatu, 'yar Mahuta, ita ke shiga da wayar ta jona a sifika, ta zauna a gefen 'yan amshi har a tashi. A hanyar komawa gida, tana bayan babur, sai ta kawo baki kusa da kunnensa ta kwashe masa labari kaf: wadda ta yi rawa har ɗankwali ya faɗi, da uwar angon da ta rantse ba za ta tashi ba amma daga baya sai da aka riƙe ta. Tana ba da labarin yatsunta na kaɗa masa kiɗan wurin a gadon baya, ita ba ta ma san tana yi ba.

“Na ji ta,” in ji Maiwada. “Ba mai jan ƙafar hagu ba?”

“Kai Malam! Anya ba leƙe kake yi ba?”

A bayan babur ɗin nan Raudatu ta fara lura da jinsa ya ragu. Ta yi magana a kunnen hagu, shiru. Ta sauya kafaɗa ta koma na dama. Shekara da shekaru janareta na kuka a hagunsa, ƙaramar sifikar da yake jin kansa da ita na gabansa, ai dole. Da abin ya fara taɓa na daman ya je asibiti. Likita ya ce ba datti ba ne balle a wanke, jijiyar ji ce ta gaji, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Siririn sauti ke fara ɓacewa, mai kauri yakan daɗe. Ya ce masa ya nisanci ƙara. Maiwada ya yi godiya, ya fito, ya zarce wunin suna a ranar. Bai gaya wa Hajjo ba.

Siririn sauti kuwa shi ne guɗa, shi ne tafi, shi ne ƙarar cokali a faranti. Wato duk abin da yake ci da shi.

Abin ya fashe ne a Dayi, bayan kaka, lokacin da masara ta shiga rumbu aure ya yi yawa. Gidan wani dillalin hatsi ne, masallacin unguwa na manne da katangarsa, da irin lasifikar nan mai bakin kakaki da siririyar murya. Wajen la'asar wasa ya yi daɗi. Hajjo ta kai ƙarshen baiti ta yi shiru. Maiwada ya ɗauka fili ta bar masa kamar yadda ta saba in rawa ta kankama, sai ya ƙara wuta. Ya sunkuyar da kai, ya rufe ido, yatsu na gudu. A ciki kuwa mata sun tsaya cak sun ja mayafi ka, 'yan amshi sun ɗaga hannu daga ƙore, ladan na kiran salla, kiɗan Maiwada shi kaɗai na tashi a unguwa yana danne shi. Raudatu ta zabura don ta fizge wayar, amma kafin ta ratsa taron mata ta kai ga sifika an kusa idar da kira. Shi kuma yana zaure yana ta dannawa, har sai da wani dattijo mai buta a hannu ya shigo ya dafa masa kafaɗa.

“Malam, ba ka jin ana kira ne?”

Maiwada ya ɗago ya ga mutane a ƙofar zaure suna kallonsa. Ya janye hannuwansa daga fiyano. Ji ya yi kamar ƙasa ta tsage ya shige.

A ƙasar nan ana yafe wa makaɗi abubuwa da yawa. Ya makara, ya cika ƙara, ya kwashe naman da aka fito wa baƙi da shi, duk ana cewa halinsu ne. Amma kiɗa a kan kiran salla, ko samarin nan masu askin banza da manyan sifiku ba sa yi. Maigidan da kansa ya je ya ba liman haƙuri. Kafin su Maiwada su naɗe waya labari ya riga su isa Malumfashi.

Washegari ya je gidan Hajjo. Ta fito zaure ta zauna a tabarma, ta bar shi ya gama gaisuwa tsaf.

“Maiwada, tun yaushe?”

“Tun yaushe mi, Hajiya?”

“Kunnen. Kada ka maishe ni yarinya. Tun bara nike jin kana makara. Amarya ta fito, kai kana can kana ma gwaggonni kiɗa.”

Ya sunkuyar da kai ya gaya mata abin da likita ya ce.

“Allah shi sawwaƙe,” ta ce. “Ni ban kore ka ba, kuma ba ni son in kore ka. Amma gidajen nan don mutunci suke kirana. In aka sake irin ta jiya, ba kai kaɗai za a daina kira ba. Har ni, har matan nan da ke samun na cefane a bayana. Ka je ka yi tunani.”

Tunani kam ya yi, dabaru ma ya gwada. Ya ɗaura agogo ya riƙa tsayawa da kansa, sai ya tarar kowane gari ladaninsa da nasa lokacin, wani ya kira da wuri, wani sai ya dawo daga gona. Ya tsayar da kiɗa ana tsakiyar liƙi babu kira babu dalili, mata suka yi ta tsaki. Suka shirya da Raudatu ta riƙa yi masa filashin in ta ji ladan, wayar na kan cinyarsa don ya ji motsinta. A wani ƙauye bayan Mahuta filashin ɗin bai shigo ba sai da aka sallame salla. Allah ya taimake shi ranar man janareta ne ya ƙare kafin kira. Kuma ko da dabarar ta yi, salla kaɗai za ta gyara. Fitowar amarya fa? Shigowar gwaggonni fa? Ya san kiɗansa ya fara zama irin na wanda ke magana shi kaɗai.

Ana cikin haka fiyanon ma ya tsufa. Wasu haƙoran sun mutu, an ɗaure murfin batir da roba. Dama Maiwada ya daɗe da wani buri. Abokinsa tun zamanin situdiyo, Zainulabidin, wanda kowa ke kira Zainu, yana da shago a Funtua inda yake sayar da sifiku da amfilifaya, masallaci da gidan biki duk ɗaya ne a wurinsa. Shi ya fara nuna masa bidiyon wasu 'yan akwatunan kiɗa da ake ɗorawa a tebur. Zainu na kiransu sintisaiza. Raudatu da ta gani ta ce fiyano mara haƙora, sunan kuma ya bi su. Bambancinsu da fiyanonsa shi ne ba sautin da kamfani ya zuba kawai kake dannawa ba, kai ne za ka ƙera naka tun daga tushe.

Abin da Maiwada ke son ƙerawa kuwa ƙwarya ce. Duk fiyanon da ya taɓa, gangunan cikinsa na wasu ƙasashe ne. Babu mai sautin ƙwarya kife a kan ruwa, wannan “dum” mai ciki da ke ɗan rawa kafin ya mutu. Ƙoren Hajjo na gaske kuma in taro ya yi yawa hayaniya cinye su take. Burinsa ya haɗa ƙwaryar da hannunsa, ya jona akwatin da fiyano, ya kaɗa ta daga zaure har a ji a bayan gari. Da ya sayar da waken suyan bana bai taɓa kuɗin ba. Ran nan Zainu ya kira ya ce an kawo masa guda uku na hannu daga Kaduna, ya zo ya zaɓa kafin wani ya riga shi.

Ya isa shagon da hantsi ya tarar an jera su a tebur. Zainu ya fara da babban, mai fuska irin ta wayar hannu.

“Oga Maiwada, wannan shi ne sarkinsu. Sauti ɗari-ɗari ne a ciki. Ka danna nan, ka shiga nan, ka fita nan.”

Maiwada ya saurari gangunan ciki ɗaya bayan ɗaya, duk baƙi ne. Ana haka wuta ta ɗan girgiza, akwatin ya mutu, ya tsaya yana ta kawo rubutu kafin ya farfaɗo. Maiwada ya tuna janaretansa mai tari, ya tuna yadda shiru ke tsawo a tsakiyar rawa. Ya ture shi gefe.

Na biyun faɗinsa ya kai tiren shayi, fuskarsa cike da maɓallan murɗawa, kowanne da aikinsa guda. Wannan na kauri, wannan na tsawon wutsiyar sauti, wancan na sa murya rawa. Shi ne wanda ya sha kallo a bidiyo har ya haddace wurin kowane maɓalli. Ya ja kujera. Ya ce Zainu ya jona masa da babbar sifika, ya ɗora tafin hannun hagu a jikinta, don yanzu hannun ya fi kunnen gaskiya.

Sautin farko da ya fito kamar kukan ƙudan zuma ne a cikin gwangwani. Ya rage masa kaifi. Ya sauke shi ƙasa, ya datse masa wutsiya, ya sa kansa ya riƙa faɗowa da sauri kamar an buga an ɗaga hannu. Dum. Ba ita ba ce, wannan turmi ne. Ya murɗa wani, ya sa masa 'yar rawa a ƙarshe. Dum. An kusa, amma ruwa ya yi yawa a bahon. Ya dawo da maɓallin baya kaɗan, kamar mai rage gishiri.

Dum.

Uwar ƙwaryar Hajjo ce, babbar da ake sa wa a tsakiya, ita ce sak.

“La ilaha illallahu,” in ji Zainu. “Wallahi har na ji ƙamshin turaren wuta.”

Aka jona masa wani fiyano na shagon. Maiwada ya fara kaɗa taken da Hajjo ke buɗe wuni da shi, hannun dama na kan haƙora, na hagu na yawo a kan maɓallai, yana buɗe sautin yana rufewa yadda ya ga dama. Rabonsa da jin daɗi irin wannan tun kafin Dayi. Ya manta da kunne, ya manta da likita. A ransa har ya gama saye, yana tunanin yadda zai ɗaure shi a babur kada ya bugu.

Sai ya ga hannun Zainu ya ratso ta gabansa ya murɗe ƙarar gaba ɗaya.

Ya ɗago da fushi. Zainu ya nuna masa waje da haɓa. Maƙwabtan shago na fitowa da butoci, ana shimfiɗa tabarmi a gefen titi. Azahar ake kira a masallacin layin, da lasifikar da Zainu da kansa ya sayar musu. Maiwada ya kasa kunne iya ƙarfinsa. Wani abu ya ji can nesa, siriri, kamar sauro a wani ɗaki.

Suka yi salla suka dawo. Maiwada bai koma kujerarsa ba.

“Zainu, miƙo mani ƙaramin.”

Na ukun Zainu bai ma yi niyyar tallarsa ba. Bai fi murfin kular abinci ba. Maɓallan roba ne a jere masu kawo wuta kala-kala, na murɗawa 'yan kaɗan, da 'yar fuska kamar akwatin ashana.

“Wannan wahala ne, oga,” in ji Zainu. “Yana haɗa sauti, amma maɓalli ɗaya aiki goma yake yi. Abin da ka yi yanzu a zama guda, a nan sai ka kwana biyu kana shiga kana fita.”

“In an haɗa an adana fa?”

“To shi ke nan, yana nan. Kowane maɓallin roba da abin da ka sa mashi.”

“In gefen zane ya goge shi, sautin zai canza?”

“A'a. Wancan ne ko ƙuda ya sauka sai ka ji bambanci.”

“Yana son janareta?”

“Fawa banki ma ya ishe shi wuni guda.”

Maiwada ya auna shi da taƙi, tsawo da faɗi. Ya san girman jakar da Raudatu ke zuba wayoyi a ciki, shi ya saya mata.

“Ana iya kaɗa shi a cinya, mutum na zaune a tabarma?”

Zainu ya yi dariya. “Kai da ke zama a benci, ina ruwanka da tabarma?”

“Ba ni zan riƙe shi ba.”

Dariyar ta tsaya. Zainu ya san labarin Dayi, duk Funtua wa bai sani ba a cikin masu harkar sauti. Ya dubi abokinsa, ya dubi mai maɓallan da ke nan a kunne.

“Amma wancan kake so.”

“Wancan nike so,” in ji Maiwada. “Sa mani wannan a leda.”

Kafin ya fita ya ciro waya ya ɗauki hoton na biyun, kowane maɓalli a inda ya bar shi. Ya ce don ya tuna yadda ya haɗa ƙwaryar ne. Zainu bai yi masa gardama ba.

Ya isa gida bayan la'asar, Raudatu na tsakar gida tana tsince shinkafa. Ya janye tiren ya ɗora mata akwatin a cinya.

“Malam, mi ne ne wannan? Ina mai maɓallan da ka ishe mu da labarinshi?”

“Yana Funtua.”

“Kuɗin ne ba su kai ba?”

“Sun kai. Wannan naki ne. Ni zan haɗa sautin a gida, ke ki shiga da shi ki kaɗa.”

Ta ɗaga hannuwa sama kamar ya ɗora mata garwashi. “Ni? Ni in yi kiɗa? Mi za a ce a Mahuta?”

“Cikin mata ne. Ke kike ganinsu, ke kike jin ladan. Ni ba ni ji, Raudatu. Yau ma an kira a Funtua ban ji ba.”

Shi ne karo na farko da ya faɗa mata da bakinsa, duk da ta riga shi sani. Idonta ya kawo ruwa.

“Ai ban iya ba.”

“Shekara nawa kina kaɗa mani a baya in muna kan babur? Bayana ya san kin iya.”

“To kai fa? Mi za ka riƙa yi?”

“In kai ki, in ɗauko ki.”

Ba ranar ta yarda ba. Sai da aka je Mahuta aka gaya wa mahaifinta, ya ce in dai cikin mata ne kuma mijinta ne ya kawo maganar, shi ba shi da ta cewa. Hajjo kuwa ko mamaki ba ta yi ba. Ta ce dama ƙwarya wa ke kaɗa ta in ba mata ba, don an sa mata batir ai ba ta zama ta maza ba.

Maganar Zainu ta tabbata, akwatin wahala ne. Maiwada ya yi kwanaki a gindin darbejiyar gidansu, hoton nan a gefe, yana shiga yana fita ta 'yar fuskar, yana tsaki, kafin ƙwaryar ta dawo. Kuma shi ya san ba ta kai ta shagon ba, akwai ɗan cikin da ya rage. Masu kauri yana auna su da tafin hannu a jikin sifika. Sirara kuwa, shantu da tafi da 'yar sarewar da ke bin muryar Hajjo, sai ya kira Raudatu.

“Ya yi?”

“Rage kaɗan, yana huda kunne.”

Ya rage abin da shi bai ji ba, ya adana. Ya jera mata su da launi, ja na gwaggonni, kore na fitowar amarya, shuɗi na lokacin liƙi. Ya koya mata inda ake sassautawa da inda ake kashewa gaba ɗaya, wannan na ƙarshen ya sa ta maimaita har ta gaji. Gaskiya dai kiɗan Raudatu bai kai nasa ba, kuma mai yiwuwa ba zai kai ba. Ba ta da irin gudun yatsunsa, ga ta da gaggawa, in ta ji daɗi sai ta riƙa wuce waƙa. Yakan gaya mata, ita kuma ta ce to ya karɓi kayansa. Ba ya karɓa.

Wunin farko na suna ne a Malumfashi. Babu doguwar waya a gindin bango, babu janareta a ƙofa, sifika mai batir Zainu ya ba su aro. Maiwada ya sauke ta, ta gyara mayafi, ta rataya jaka, ta ɗaga labule ta shige ba ta waiwayo ba, don ta san in ta waiwayo ba za ta shiga ba. Yana iya komawa gida ya dawo da yamma. Yana iya zuwa kasuwa. Sai ga shi a zaure a kan benci, inda ya saba, hannuwa a kan gwiwa babu abin dannawa.

Daga ciki abin da ke iso masa kaɗan ne, muryar Hajjo kamar daga ƙasan rijiya. Ya matsa ya ɗora tafin hannu a bango.

Dum. Dum-dum. Ƙwaryarsa ce, tana shigowa ta siminti har gwiwar hannu. Raudatu na sauri, kamar yadda ya yi tsammani. Yatsun hannunsa na dama suka fara motsi a kan gwiwa suna ja mata baya. Can sai ya ji ta sassauta da kanta, kiɗan ya yi nauyi ya zauna. Gwaggonni sun shigo fili ke nan. Bai ji ƙafafunsu ba, ita ta gaya masa. Ya yi murmushi shi kaɗai.

Ya daɗe a haka, har hannun ya fara sagewa ya sauya ɗayan. Wasa ya kankama, bango na rawa.

Sai ya ɗauke ɗif.

Maiwada ya ƙara danna hannu a bango. Batir ne? Waya ce ta zare? Ko ta danna inda bai kamata ba, ga ta can a tsakiyar mata ba ta san yadda za ta yi ba? Bai san lokacin da ya miƙe ba. Sai ganin hannunsa ya yi a kan labulen, labulen da bai taɓa ɗagawa ba a gidan kowa. A nan idonsa ya faɗa ƙofar waje. Wani tela na rufe shagonsa, mutane na naɗe hannun riga, ana miƙa wa juna butoci. Salla ake kira, Raudatu ta ji ta kashe.

Daɗi ya ji, ya kuma ji ciwo, bai tsaya rarrabe su ba. Ya saki labulen. Ya fita ya ari buta, ya tsuguna a layin masu alwala.